Filin Araha a Ƙarƙashin Babbar Waya: Asarar da Ke Jiran 'Yan Kasuwar Keffi

KEFFI — Duk matafiyin da ya taso daga Abuja ya nufi Keffi, ya ratsa Mararaba da Masaka da Uke, zai ga abubuwa biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a gefen titi, wato jerin shaguna da rumfuna da gidajen buga bulo a ƙasa, da kuma wayoyin wutar lantarki da ke bisa kansu. A wurare da dama ma tazarar da ke tsakanin rufin kwano da waya ba ta kai tsayin mutum guda ba. Mai walda na ta tartsatsinsa, mai iskar gas na ɗura wa masu saye, mai shayi ya kafa teburinsa a gindin falwaya, kowa na neman abin sakawa a bakin salati ba tare da ya ɗaga kai ya dubi abin da ke samansa ba.

Ga mafi yawan 'yan kasuwa, zancen wutar lantarki bai wuce abu biyu ba, ko an kawo ko an ɗauke, sai kuma kuɗin da za a biya a ƙarshen wata. To amma akwai fuska ta uku wadda ta shafi jari kai tsaye, ita ce wurin da aka aza harsashin gini. Filin da ke ƙarƙashin babbar waya shi ne mafi araha a bakin dillali, kana shi ne mafi tsada idan aka yi lissafi har ƙarshe, domin kuwa doka ba ta san da ginin da ke kansa ba, hukuma na iya rushe shi, kuma rana ɗaya tak ta isa wuta ta cinye kaya da rai baki ɗaya.

Yadda gari ya cim ma waya

Keffi tsohon gari ne wanda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya kuma yi suna a fagen ilmi tun da aka buɗe Kwalejin Gwamnati a cikinsa a shekarar 1949. Sai dai bunƙasar da ta sauya kamannin garin ta zo ne daga baya. A ranar 12 ga Disamba, 1991, fadar Gwamnatin Tarayya ta tashi daga Legas ta koma Abuja, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ba daga Keffi. A ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato. A farkon shekarun 2000 kuma garin ya sami Jami'ar Jihar Nasarawa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, sa'an nan rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya koro ɗimbin jama'a zuwa garuruwan da ke kan wannan hanya.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Keffi na da mutane fiye da 92,000, kuma duk mai ido ya san an daɗe da wuce wannan adadi. Gonakin doya da na dawa sun zama fulotai, gidajen kwanan ɗalibai sun cika wurare irin su Unguwar Lambu, haka nan gine-gine sun miƙa ta hanyar Akwanga da ta Nasarawa da ta Kaduna. Da yawa daga cikin wayoyin da ake gani a tsakiyar unguwanni a yau, an ja su ne a lokacin da wurin yake daji, a zamanin Hukumar NEPA wadda aka kafa a 1972. Wayar tana nan inda aka bar ta, gari ne ya tako ya same ta, har ya shige ƙarƙashinta.

Ba duka waya ce ɗaya ba

Abu na farko da ya kamata mai sayen fili ko mai kama hayar shago ya iya shi ne bambance wayoyin, domin kowace da ƙarfinta da kuma tazarar da doka ta ware mata. Ƙaramar waya, wadda ake jan wuta daga gare ta zuwa gidaje, galibi guda huɗu ce a jere, wata bisa wata, tana ɗauke da ƙarfin bolt 230 zuwa 415. Wadda ke samanta, guda uku a kan gicciyen ƙarfe ko katako a ƙololuwar falwaya, ita ce babbar waya ta cikin gari, mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000, wadda ke ciyar da taransifoma. Sai kuma manyan layukan dakon wuta da ake ɗora wa dogayen hasumiyoyin ƙarfe, masu ƙarfin bolt 132,000 ko 330,000.

Duka waɗannan akwai su a Jihar Nasarawa. Keffi na da tashar rage ƙarfin wuta ta Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Nijeriya, wato TCN, a kan layin bolt 132,000 da ya taso daga Apo ya bi ta Karu ya wuce Akwanga, yayin da Lafiya ke da babbar tasha mai ƙarfin bolt 330,000 wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Fabrairu na 2022.

Ƙa'idojin samar da wuta da haɗa kayan lantarki waɗanda Hukumar Kula da Harkar Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta fitar a 2015 sun fayyace faɗin hanyar da ya wajaba a bar wa kowane layi. Layin bolt 330,000 yana da hanya mai faɗin mita 50, wato mita 25 ta kowane gefe. Na bolt 132,000 yana da mita 30, wato 15 dama 15 hagu. Na bolt 33,000 da na 11,000 kuwa kowanne yana da mita 11, wato biyar da rabi ta kowane ɓangare. A cikin wannan fili ba a yarda a yi gida, ko shago, ko rumfa, ko a girke kwantena ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa bisa dokar 2015 domin duba ingancin kayan lantarki da kare rayuka, ta sha umartar kamfanonin rarraba wuta da su yanke wa irin waɗannan gine-gine wuta.

Lissafin da dillali ba ya yi

Idan aka auna waɗannan alƙaluma da girman fuloti, sai asarar ta fito fili. Fulotin da aka saba sayarwa mai ƙafa 50 a 100 yana da faɗin kimanin mita 15 da tsawon mita 30. Idan layin bolt 11,000 ya ratsa tsakiyarsa a tsaye, hanyar waya ta cinye mita 11, saura mita biyu ta kowane gefe, abin da ko ɗaki guda ba zai ɗauka ba. Mai babban fuloti na ƙafa 100 a 100 kuwa, idan layin bolt 132,000 ne ya bi ta tsakiyarsa, to ko taku ɗaya ba shi da shi na halaliya. Ke nan mutumin da aka rage wa rabin kuɗi ya yi murna, alhali kuwa ya biya rabin kuɗi ne a kan abin da ba zai iya ginawa ba ko kaɗan. Araha dai ba ta ado.

Asarar ba a nan ta tsaya ba. A bisa al'ada, lokacin da za a ja babban layin dakon wuta akan biya masu gonaki da gidajen asali diyya, filin ya zama hanyar waya. Wanda ya zo daga baya ya saya a hannun magada ko dillalai, ba shi da bakin neman wata diyyar ranar da katafila ta zo. Gwamnatin Jihar Legas da Hukumar Babban Birnin Tarayya duk sun sha rushe gine-ginen da ke ƙarƙashin manyan wayoyi, kuma babu abin da zai hana hakan faruwa a wani wuri. Bugu da ƙari, ginin da ba shi da izinin hukumar tsara birane yana da wuyar shiga banki a matsayin jingina, haka nan kamfanin inshora ko na takaful na da hujjar jayayya idan gobara ta tashi a ginin da tun asali ya saɓa wa doka. Ta haka ɗan kasuwa kan binne miliyoyin Naira a cikin kadarar da ba ta karɓar masa bashi, ba ta sayuwa da daraja, kuma ba ta da mai biya idan ta ƙone.

Gani ga wane

Rahotannin da Hukumar NERC ke fitarwa sun nuna cewa a shekarar 2023, haka kuma a 2024, an rasa rayuka fiye da 100 a kowace shekara ta hanyar haɗurran da suka shafi harkar wutar lantarki a Nijeriya. Daga cikin dalilan da hukumar ke lissafawa akwai tsinkewar waya, da jan wuta ta ɓarauniyar hanya, da ɓarnata kayan lantarki, da kuma yin aiki ba bisa ƙa'ida ba.

Haɗarin da ya fi girgiza ƙasar nan shi ne na Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba. A daren Alhamis 20 ga Afrilu, 2017, jama'a sun cika wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano a unguwar Nyaghasang suna kallon wasan Manchester United da Anderlecht, sai babbar wayar da ke saman gidan ta tsinke ta faɗo a kan rufin. 'Yan sanda sun tabbatar da mutuwar aƙalla mutane 7, wasu da dama kuma suka jikkata. Labarin ya kai har Ingila, inda 'yan wasan Manchester United suka ɗaura baƙin ƙyalle a wani wasa da suka buga bayan haka. Gidan kallo ƙaramar sana'a ce irin wadda ake da ita a kowace unguwa ta Keffi, kuma abin da ya mai da shi makabarta shi ne wurin da aka kafa shi.

Akwai kuma wani nau'in haɗarin wanda ke bin mutum har cikin ɗakinsa. Saboda tsimin kuɗi, sau da yawa akan ɗora babbar waya da ƙarama a kan falwaya ɗaya. Idan ta saman ta tsinke ta faɗo a kan ta ƙasan, sai bolt 11,000 ya kwarara cikin gidajen da aka shirya wa bolt 230, wato kusan ninki hamsin. Nan take firji da fanka da ƙofar ƙarfe da wayar salular da ke caji duk su zama ajali. Irin haka ne ya faru cikin dare a unguwar Gwargwaje ta Zariya a watan Disamba na 2022, inda kimanin mutane goma suka rasu, gidaje da shaguna suka ƙone, sa'an nan aka sake ganin irinsa a unguwar Kabong ta Jos a watan Satumba na 2023. A irin wannan hali, da yawa sukan gamu da ajalinsu ne a daidai lokacin da suka miƙa hannu domin su kashe makunni ko su zare wayar wani abu daga bango. Don haka idan ƙwan lantarki ya yi haske fiye da kima, kaya suka soma hayaƙi, abin yi shi ne a fice waje ba tare da taɓa wani ƙarfe ko makunni ba.

Matsalar ba ta ƙasashe masu tasowa ba ce kaɗai. A watan Nuwamba na 2018, wani tsohon ƙarfe da ke riƙe da babbar waya ya karye a Jihar Kalifoniya ta Amurka, gobarar da ta tashi ta hallaka mutane 85, ta kuma share garin Paradise. Nauyin diyya ya sa kamfanin PG&E mai layin ya shelanta karyewar arziki a watan Janairu na 2019. Darasin dai shi ne, sakaci da waya yakan durƙusar da babban kamfani kamar yadda yake durƙusar da mai kwantena.

Yadda wuta ke kisa

Jama'a da dama sun ɗauka sai an taɓa waya kafin ta ja mutum. Wannan kuskure ne a kan babbar waya, domin idan ƙarfe ko jikin mutum ya matso kusa ainun, wutar kan yi tsalle ta cikin iska ta same shi. Shi ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta wajabta barin tazarar ƙafa 10, wato kimanin mita uku, tsakanin ma'aikaci ko kayan aikinsa da layin da bai wuce bolt 50,000 ba, kuma tazarar tana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin layin. Wasu kuma sukan kafa hujja da tsuntsun da ke sauka a kan waya lafiya lau. Tsuntsu yana tsira ne don waya ɗaya kawai ya taɓa, bai haɗa ta da ƙasa ko da wata wayar ba, mutum kuwa ƙafarsa na ƙasa ko a kan tsani, saboda haka jikinsa ne ke zama hanyar da wutar za ta bi.

Abin da ake buƙata domin tsayar da zuciya ɗan kaɗan ne. Wutar da ƙwan lantarki mai wat 60 ke ja ta ninka sau biyar abin da zai iya rikita bugun zuciyar babban mutum idan ya ratsa ƙirjinsa. Jiƙaƙƙen jiki da ƙasa mai danshi suna ƙara sauƙaƙa mata hanya. Har ila yau, wayoyin da ke kan falwaya yawancinsu tsirara suke, babu roba a jikinsu, kuma ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba. Da zafin Maris da Afrilu, ko idan lodi ya yi yawa, ƙarfen wayar kan miƙe ta yi ciki ta sauko ƙasa, sa'an nan guguwar farkon damina ta riƙa kaɗa ta dama da hagu. Tazarar da magini ya gani da sanyin safiyar hunturu ba ita ce za a samu da tsakar ranar bazara ba.

Sana'o'in da suka fi shiga haɗari

A gari mai tasowa kamar Keffi, masu harkar gini ne a sahun gaba. Tsawon rodi guda mita 12 ne, wato ya fi faɗin hanyar layin bolt 11,000 gaba ɗayanta, don haka lebura na iya tsayawa a wajen hanyar waya amma ƙarshen rodin da ya ɗaga ya kai gare ta. Haka abin yake ga dogon kwanon rufi, da tsanin ƙarfe, da ƙarafan da magina ke hawa, da bututun da ake zurawa a rijiyar burtsatse. Gidan da ya zauna lafiya shekara goma yana ƙasa, yakan zama tarko ranar da mai shi ya yanke shawarar ɗora bene, ko tankin ruwa, ko eriya, ko farantan wutar hasken rana waɗanda ake yayi a yanzu.

Sai masu sufuri. Direban tifa da ke ɗaga bodi domin juye yashi, da mai motar haƙar rijiya da ke miƙar da hasumiyarta, da yaran mota da ke zama a saman lodin gawayi ko rake ko buhunan hatsi, duk suna wasa da rayukansu idan ba a sa mutum guda a ƙasa yana duba sama yana ba da ishara ba. Masu ba da hayar rumfunan biki da masu kafa allunan talla su ma haka. A unguwanni kuwa, lokacin mangwaro yara kan ɗauki ɗanyar gora ko sandar ƙarfe su nufi bishiyar da rassanta suka sarƙe da waya, makiyaya kuma su hau su saro wa dabbobi ganye. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, saboda haka saran bishiyar da ke kusa da layi aikin ma'aikatan lantarki ne bayan sun kashe layin.

Masu janareto ma na da nasu alhakin. Duk wanda ya haɗa janareto da wayoyin shagonsa ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gari ba, wutarsa kan koma baya ta shiga taransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta je ta sami ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya yana zaton layi a kashe yake.

Idan waya ta faɗi

Ƙa'ida ta farko ita ce a ɗauki duk wayar da ta faɗi a matsayin mai wuta, ko da kuwa an ɗauke wuta a unguwar, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba. Ƙasar da ke kewaye da wayar ita ma tana ɗaukar wuta, ƙarfinta na raguwa yayin da ake nisa, ta yadda mai dogon taku zai iya samun wuta ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Don haka a tsaya aƙalla mita 10 daga wurin, wanda kuma ya tsinci kansa a kusa ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a hankali ba tare da ɗaga su ba har ya yi nisa. A tsare wurin daga yara da dabbobi, a kira ofishin kamfanin rarraba wuta mafi kusa ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Idan a kan mota wayar ta faɗo, zama a ciki ya fi aminci har sai an tabbatar an kashe layin. In wuta ta kama motar, fita ta zama dole, to mutum ya yi tsalle ya dira da ƙafafu biyu a haɗe, kada ya taɓa mota da ƙasa a lokaci guda. Wanda wuta ta riƙe kuwa, kada a kama shi da hannu, domin ta haka ne gida ɗaya kan yi asarar mutum biyu ko uku a jere. Busasshiyar sanda na iya amfani a kan wutar cikin gida, amma a kan babbar waya ba ta da tabbas ko kaɗan. Bayan an kashe wuta, idan ba ya numfashi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti guda, a garzaya da shi asibiti. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita ya duba, domin wutar lantarki kan ƙona nama ta ciki, ta taɓa ƙoda da zuciya, alhali fatar waje ba ta nuna komai ba. Gobarar lantarki kuma ba a kashe ta da ruwa, sai da tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iska.

Nauyin da ke kan kowa

Ba masu gini kaɗai ke da laifi ba. Bayan da aka mai da NEPA ta zama PHCN a 2005, aka kuma miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, Jihar Nasarawa ta faɗo cikin yankin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Abuja, wato AEDC, tare da Neja da Kogi da Babban Birnin Tarayya. Kamfanonin sun gaji tsofaffin wayoyi masu ƙulle-ƙulle, da ruɓaɓɓun falwayoyin katako, da taransifomomin da ba su da shinge. Gyara su, da datse rassan bishiyoyi, da tabbatar da cewa na'urar da ke yanke wuta nan take idan waya ta tsinke tana aiki, duk nauyi ne da ke wuyan mai layi. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta kuma bai wa jihohi ikon tsara kasuwar lantarki a cikin iyakokinsu, abin da ke nufin gwamnatocin jihohi ba su da sauran uzurin cewa maganar ta Abuja ce.

A nasu ɓangaren, 'yan kasuwa na da matakan da ba su da tsada. Kafin a biya kuɗin fili, a je da safiyo mai rajista ya auna tazararsa daga tsakiyar layi, a kuma bincika matsayinsa a Hukumar NAGIS mai kula da bayanan filaye ta Jihar Nasarawa, sa'an nan a nemi izinin gini daga Hukumar Raya Birane ta jihar. Takardar da dillali da shaidu suka sa wa hannu ba ta gusar da hanyar waya. Idan aiki ya zama dole a kusa da layi, a rubuta wa kamfanin rarraba wuta a nemi ya kashe shi na 'yan sa'o'i. A shago da gida a sa ƙwararren mai gyaran wuta ya binne ƙarfen da ke sauke wuta ƙasa, ya kuma sa makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta soma zurara. Mai ma'aikata ya tuna Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora masa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, wanda daga cikinsa ne ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Wayar da ta yi ciki ko falwayar da ta karkata kuwa, a kai rahotonta a rubuce, a riƙe kwafe, domin takarda ce ke magana ranar da za a nemi hakki.

Shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin masu sana'a, tare da masu unguwanni da hakimai na Masarautar Keffi, su ne suka fi kowa sanin wanda ya sayar da wane fili da wanda ke shirin kafa rumfa a ina. Idan suka ƙi sa hannu a cinikin filin da ke hanyar waya, suka kuma nema wa masu ƙananan sana'o'i matsuguni a wani wurin kafin a tashe su, an kashe rabin matsalar tun kafin a kai ga katafila. Amfanin hakan na kowa ne, domin duk lokacin da rufi ko reshe ya taɓa babbar waya layin gaba ɗaya ne ke ɗaukewa, mai ƙanƙara da mai injin niƙa da mai walda da ke nesa da wurin su koma sayen man janareto a kan laifin da ba nasu ba.

Keffi za ta ci gaba da faɗaɗa muddin Abuja na cika tana batsewa, kuma fulotan da za a yanka a shekaru masu zuwa suna nan a gefen layukan da a yau ke ratsa gonaki. Tun ran gini ake zane.